Rangwamen Kuɗin Taki: Hannun Wa Ya Ke Faɗawa?

Kowace shekara, da zarar bazara ta kama, hadari ya fara haɗowa gabas, zancen da ke cika bakin manoma a kasuwa da dandali shi ne zancen taki. Nawa buhu ya ke bana? Gwamnati za ta kawo na rangwame? In ta kawo, wa zai samu, kuma yaushe? Ɗan kasuwa mai sayad da taki shi ma ya kasa kunne, don bai sani ba ko ya saro kaya ko ya dakata. Akawun da ke riƙe da littafin sito kuwa ya san shi za a zaga in rabo ya ɓaci.

Rangwame, watau abin da mutanen yanzu su ke kira tallafi, shi ne Gwamnati ta ɗauke wa manomi wani kashi na kuɗin abin da ya ke saye, ko kuwa ta ƙara masa wani abu bisa kuɗin abin da ya ke sayarwa. Nijeriya ta yi wajen shekara 50 tana gwada wannan sha'ani ta hanyoyi iri iri, an kuwa kashe dukiya mai yawa a kansa. Abin da wannan dogon gwaji ya nuna shi ne, amfanin rangwame yana rataye ga yadda aka tsara shi, watau abin da aka yi wa rangwamen, da hannuwan da ya ke bi, da ranar da ya ke isa gona.

DALILIN RANGWAME

Ƙasar noma a yawancin Arewa ta gaji. Da can manomi ya kan bar gona ta huta shekara da shekaru, ya koma wata. Yanzu jama'a ta yi yawa, gonar da aka nome bara ita za a nome bana, ita ce kuma ta baɗi. Takin gida yana da kyau ƙwarai, amma bai isa ba. Shawarar da masu binciken aikin gona su ke bayarwa ga mai noman masara a ƙasashen Zazzau da kudancin Katsina ita ce, hekta ɗaya, watau wajen eka biyu da rabi, tana bukatar kimanin buhu 8 na kamfa irin 15-15-15, da wajen buhu 3 na yuriya. Ƙaramin manomi ba safai ya ke iya sayen ko rabin wannan ba.

Wahalar kuwa ba ta tsada kaɗai ba ce. Lokacin sayen taki shi ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa, aljihu ya bushe. Lokacin da kuɗin za su dawo kuma shi ne kaka, sa'ad da kowa ya kai hatsi kasuwa, mudu ya faɗi. A tsakanin nan ga tsoron fari, ga na ambaliya. Saboda haka malaman gona su kan ce in dai naira ɗaya da aka zuba a taki ba za ta dawo da naira biyu ba, manomi mai hankali ba zai saya ba.

A cikin 2006 shugabannin Afirka suka yi taro a Abuja bisa wannan magana. A lokacin an ƙiyasta gonakin Afirka kudu da Sahara ba su samun abin da ya wuce kilo 8 na sinadarin taki a kowace hekta. Suka yi alkawari za a kai shi kilo 50 kafin 2015. Shekarar ta zo ta wuce ba a kai ba. To, bukatar taimako dai ba mai gardama a kanta. Gardamar tana wajen yadda za a yi shi.

DA CAN MANOMI KE TALLAFA WA GWAMNATI

Ya kamata mai karatu ya tuna ba kullum ne kuɗi ke fitowa daga Gwamnati zuwa gona ba. A cikin 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa ta Nijeriya, a 1954 kuma Jihar Arewa ta sami tata Hukumar Ciniki mai sayen gyaɗa da auduga. Ita ke yanke kuɗin tan tun farkon kaka, wakilanta su saya, ita ta fitar ƙasashen waje. Wannan ya kāre manomi daga faɗuwar kasuwa a tsakiyar ciniki. Amma a yawancin shekaru kuɗin da a ke biyansa ba su kai na kasuwar duniya ba, rarar kuwa da ita aka yi ayyukan Gwamnati masu yawa. Dalar gyaɗar Kano da a ke tunawa da ita, gumin manomi ne ya gina ta, shi ne kuma ke cika baitulmali.

Farin 1973, da cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 wadda ƙwarin darɓa ke yaɗawa, suka karya noman gyaɗa. A daidai wannan lokaci kuɗin man fetur suka shigo. Sai al'amari ya juya. A cikin 1976, zamanin Janar Obasanjo, aka buɗe shirin ciyad da ƙasa, Gwamnatin Tarayya ta karɓe sayen taki da rabonsa daga hannun jihohi. Ita ke sayowa, ita ke ɗauko shi daga bakin teku, ita ke kai wa jihohi. A shekarun farko manomi ba ya biyan abin da ya wuce wajen rubu'in kuɗin buhu. Hukumomin ciniki kuwa an rushe su a 1986.

INDA YA YI AMFANI

Wanda ya ce rangwamen nan bai tsinana kome ba, bai san tarihin masara ba. Kafin shekarun 1970 masara a Arewa abin bayan gida ce, a kan shuka 'yar kaɗan a gasa da damina. A cikin 1975 aka fara manyan shirye-shiryen raya aikin gona a Funtuwa da Gusau da Gombe, da taimakon Bankin Duniya. Aka yi hanyoyi zuwa ƙauyuka, aka buɗe wuraren sayad da kayan noma kusa da manoma, aka ƙara malaman gona, aka kawo sabon irin farar masara wanda masu bincike na Ibadan suka fitar. Masara abinci ce mai amsa taki, ga shi kuwa taki ya yi araha. Cikin shekaru kaɗan ta zama babban amfanin gona a Funtuwa da Bakori da Giwa da Saminaka, manyan motoci suna ɗibarta zuwa Kudu.

Abin lura a nan shi ne taki bai zo shi kaɗai ba. Ya zo tare da iri mai kyau, da hanya, da kasuwa, da mai koya wa manomi yadda zai zuba shi. Rangwamen ya sa mutumin da bai taɓa amfani da takin zamani ba ya gwada, ya gani da idonsa. Wannan shi ne aikin rangwame na ƙwarai.

KUƊI BIYU A KASUWA ƊAYA

Illar tsarin 1976 ta fito ne daga abu ɗaya: kaya iri ɗaya ya sami kuɗi biyu, na Gwamnati da na kasuwa, na Gwamnatin kuwa bai isa kowa ba.

Ga misali don a gane. A ce buhu a kasuwa naira 40,000 ne, Gwamnati ta ce nata naira 20,000. A ce kuma gunduma mai manoma 5,000 aka aiko mata buhu 1,000. Kowane buhu yana ɗauke da ribar naira 20,000 ga duk wanda ya sa hannu a kansa, ko yana da gona ko ba shi da ita. Buhu 1,000 ɗin nan sun zama naira miliyan 20 a ajiye a sito. Wa zai fi kusa da ƙofar siton? Mai takarda daga babban mutum, da ɗan siyasa, da dillali. Wanda ya samu ya juya ya sayar a kasuwa naira 36,000. Manomin da ya saya a hannunsa ya rage naira 4,000, sauran naira 16,000 na rangwamen sun tsaya a aljihun wanda bai taɓa riƙe fartanya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wani takin ma ba ya tsayawa a ƙasar, sai ya ƙetare iyaka zuwa Nijar da Kamaru da Binin, inda ya fi tsada.

Ɗan kasuwa na gaskiya shi ma ya cutu. Ba zai zuba jarinsa ya cika shago da taki a ƙauye ba, alhali gobe motar Gwamnati tana iya zuwa da na rabin kuɗi, kayansa su kwanta. Saboda haka sai ya ja da baya. Inda motar Gwamnati ba ta zo ba, ba na rangwame, ba kuma na saye.

Sa'an nan ga jinkiri. Kafin a saki kuɗi, a ba da kwangila, jirgi ya iso, a sauke, a yi rabo tsakanin jihohi da ƙananan hukumomi, sau da yawa damina ta yi nisa. Masara kuwa ba ta jiran takarda. Tana son kamfa a ran shuka ko cikin mako biyu da tsirowa, yuriya kuma tsakanin mako huɗu zuwa shida. Takin da ya iso bayan ta fid da kai, ko kyauta aka ba da shi, an yi hasara. Ba a fafe gora ran tafiya.

Nauyin kuɗin ya yi ta ƙaruwa, har a cikin 1997 Gwamnatin Janar Abacha ta janye rangwamen gaba ɗaya, ta bar wa 'yan kasuwa cinikin. Sai amfani da taki ya faɗi ƙwarai. Kuɗin buhu sun hau a lokaci ɗaya, 'yan kasuwar da aka ce su karɓa kuwa an yi shekara 20 ba a bar su sun kafa shaguna da hanyoyin saro kaya ba. A 1999 aka mai da rangwame na kashi 25 daga cikin 100, jihohi kuma su kan ƙara nasu a kai. Tsohuwar cuta ta dawo. Dokta Akinwumi Adesina, wanda ya zama Ministan Aikin Gona a 2011, ya faɗa a fili cewa manoma 11 kaɗai daga cikin 100 ke samun takin da Gwamnati ta yi wa rangwame.

RANGWAME A HANNUN MANOMI

Daga nan aka sake dabara. Maimakon Gwamnati ta sayo taki ta raba, sai ta ba manomi shaida, shi kuma ya je wurin ɗan kasuwa ya biya nasa kashi, ya ɗauki kaya, ɗan kasuwa ya karɓi cikon kuɗinsa daga Gwamnati. An gwada wannan da tikiti a jihohin Kano da Taraba a 2009. A 2012 aka yi shi a ƙasa duka ta wayar hannu. A kan rubuta sunan manomi, a aiko masa da saƙo, ya karɓi buhu 2 a rabin kuɗi. Gwamnatin Tarayya ta biya rubu'i, jiha ta biya rubu'i.

Wannan tsari ya fi na da ta fuska biyu. An san sunan wanda aka nufa, cinikin kuma ya koma hannun 'yan kasuwa, har aka sami sababbin masu sayad da kayan noma a garuruwa. An rubuta sunayen miliyoyin manoma. Amma shi ma da nasa ciwo. Wani ƙauyen waya ba ta kamawa, wani manomin ba shi da ita, mata da yawa wayar ta mai gida ce. Wurin karɓa ya yi wa waɗansu nisa. Buhu 2 ba su kai abin da rubu'in hekta na masara ke bukata ba. Babbar matsala kuwa ita ce Gwamnati ta riƙa jinkirin biyan nata kashi, bashin 'yan kasuwa ya taru har biliyoyin naira. Da kuɗin man fetur suka faɗi daga 2014, shirin ya raunana. Ɗan kasuwar da ya ci bashin banki ya ba da kaya, aka bar shi yana yawo ofis ofis, ba zai sake yarda da sauƙi ba.

Ƙasar Malawi, can kudancin Afirka, ta riga Nijeriya bin wannan hanya. A 2005, bayan shekarar yunwa, Shugaba Bingu wa Mutharika ya fara raba tikitin buhu 2 ga wajen rabin gidajen manoman ƙasar. Masara ta ƙaru, ko da ya ke ruwan sama mai kyau shi ma ya taimaka. Amma da taki ya yi tsada a duniya a 2008, shirin ya cinye kimanin kashi 16 daga cikin 100 na kasafin kuɗin ƙasar duka. Masu bincike kuma suka tarar wajen kashi ɗaya cikin biyar na takin rangwamen ya maye gurbin wanda manoma da za su saya da kuɗinsu ne. Watau in tikiti ya faɗa hannun mai hali, Gwamnati ta biya masa abin da zai saya ko ba ita, gona ba ta ƙaru da kome ba. In ya faɗa hannun wanda ba ya iya saye, nan ne a ke samun ƙarin hatsi.

RANGWAME A MASANA'ANTA, DA RANCE

A Disamba 2016 Gwamnatin Shugaba Buhari ta ɗauki wata hanya. Ta ƙulla yarjejeniya da Maroko a riƙa kawo sinadarin fosfet da sauƙi, a haɗa shi da yuriya da farar ƙasa na gida a masana'antun gauraya taki na ƙasar nan. Masana'antu da dama da suka mutu suka tashi. A 2017 aka sa kuɗin buhun kamfa irin 20-10-10 naira 5,500. Kyawun wannan shi ne ba sai an rubuta suna ba. Aibinsa kuwa shi ne moriya tana bin yawan saye. Mai sayen buhu 200 ya ci ribar rangwame sau 100 bisa mai sayen buhu 2. Har wa yau kuɗin da aka yanke ba su iya tsayawa ba da darajar naira ta faɗi, balle da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, taki ya yi tsada a duniya duka. A wannan shekara ce aka buɗe babbar masana'antar yuriya ta Dangote a Legas, mai ikon yin tan miliyan 3 a shekara. Duk da haka yuriya ba ta yi araha ba, don kayan da a ke iya sayarwa ƙasashen waje da dala, kuɗinsa a gida su kan bi na waje.

Akwai kuma rangwame ta hanyar rance. A Nuwamba 2015 aka buɗe shirin Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi, inda a ke ba manoma, musamman na shinkafa, iri da taki da magani bashi, da ruwan da bai wuce kashi 9 daga cikin 100 ba, su biya da amfanin gona. Noman shinkafa ya ƙaru, aka kafa injinan casa a Kebbi da Kano da waɗansu wurare. Abin da aka ba da ya haura naira tiriliyan 1. Amma biya ya yi wuya. A 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 daga cikin 100 kaɗai aka biya, Babban Bankin ya musa, ya ce an biya fiye da rabi. Waɗansu ambaliya ce ta cinye gonakinsu, waɗansu 'yan bindiga suka hana su noma, waɗansu kuwa tun farko sun ɗauki abin rabonsu ne daga arzikin ƙasa. A ƙarshen 2023 Bankin ya daina irin wannan rance. Bashin da ba a biya ba ya rufe ƙofa ga manomin da zai zo nema daga baya, ko da shi mai biya ne.

DARASI DAGA TURAI DA AMURKA DA INDIYA

Duk abin da aka ambata a sama rangwame ne bisa abin da manomi ke saye. Ƙasashe masu arziki sun fi yinsa bisa abin da ya ke sayarwa, ya kamata kuwa a duba abin da ya same su, don nan ma a kan ji masu cewa Gwamnati ta yanke kuɗin hatsi ta saye duk abin da ya rage.

A 1962 ƙasashe 6 na Turai suka fara tsarin noma na tarayya. Aka yi wa manomi alkawarin kuɗi masu tsoka, in kasuwa ba ta saya ba hukuma ta saya. Manoma suka yi abin da kowa zai yi, suka ƙara noma da kiwo. Kafin shekarun 1980 man shanu da garin madara da alkama sun cika sito har an rasa wurin zubawa, tsarin yana cin wajen kashi biyu cikin uku na kasafin tarayyar. Tilas a 1984 aka ƙayyade yawan madarar da za a tatsa. A 1992 da 2003 aka sake tsari, aka koma biyan manomi bisa faɗin gonarsa, ba bisa yawan abin da ya girbe ba. Rarar ta ragu. Amma tun da ya ke da faɗin gona a ke awo, kimanin kashi 80 daga cikin 100 na kuɗin suna tafiya ga kashi 20 na masu karɓa, watau manya.

Rarar da aka yi wa rangwame kuma ba ta tsayawa gida. A kan tura ta kasuwar duniya da araha, ta karya kuɗin manomin wata ƙasa. Amurka, wadda ta fara biyan manomanta tun dokar 1933, ta daɗe tana tallafa wa masu noman auduga. A 2003 ƙasashen Binin da Burkina Faso da Cadi da Mali suka kai kuka gaban Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, suka ce wannan tallafi yana karya kuɗin audugarsu. Barazil ta kai ƙara bisa wannan magana ta yi nasara, a 2014 Amurka ta biya ta dala miliyan 300 aka kashe maganar. A 2015, a taron Nairobi, ƙasashe suka yarda a daina rangwame bisa amfanin gonar da a ke fitarwa waje.

Indiya kuwa ta fi kama da Nijeriya, don ita ma taki ta ke yi wa rangwame. Gwamnati ce ke yanke kuɗin yuriya, ta sa shi ƙasa ƙwarai bisa sauran taki. Sai manoma suka riƙa zuba yuriya fiye da kima, suna rage sauran, ƙasa ba ta samun abincinta daidai. Waɗansu kuma suna karkatad da ita zuwa masana'antu. A 2015 aka yi dokar a shafe dukan yuriyar noma da man darbejiya, itacen nan da ke ko'ina a garuruwan Arewa. Da haka ba ta da amfani ga masana'anta, a gona kuwa ta fi daɗewa tana aiki. Ƙaramar dabara ce, amma ta toshe wata ɓaraka.

ABIN DA KUƊIN ZA SU YI A WANI WURI

Kowace naira da aka sa a rangwame, an hana ta wani aiki ne. Takin bana da bana zai ƙare, baɗi sai an sake biya. Hanyar da aka yi zuwa ƙauye kuwa tana rage kuɗin kawo taki da na kai hatsi kasuwa shekara da shekaru, ga kowa da kowa, ba mai iya ɗauke ta ya sayar a ƙetare. Haka sabon iri daga Samaru, da madatsar ruwa ta noman rani, da malamin gona. Binciken da aka yi a Indiya ya nuna rangwamen taki ya biya kuɗinsa sosai a shekarun farko, sa'ad da manoma ke koyonsa, amma daga baya kuɗin da aka sa a hanyoyi da binciken aikin gona sun fi shi ƙara amfanin gona da rage talauci. A ƙasar nan malamin gona ɗaya ke duba dubban manoma. A 2003, a Maputo, shugabannin Afirka sun yi alkawarin ba aikin gona kashi 10 daga cikin 100 na kasafinsu, amma kasafin Gwamnatin Tarayya bai ko kusanci haka ba a yawancin shekaru. In abin da aka ware kaɗan ne, taki kuma ya cinye mafi yawansa, me ya rage wa sauran?

YADDA ZA A AUNA KOWANE SABON SHIRI

Shirye-shirye za su ci gaba da zuwa, kowane da sabon suna. Ga tambayoyin da ya kamata ƙungiyoyin manoma da 'yan majalisa su yi tun ran da aka yi shela.

Na ɗaya, wa aka nufa, kuma ina sunayensu? In an karanta su a bainar jama'a, aka manna a ƙofar dagaci, mutanen gari da kansu za su fid da sunan wanda ba shi da gona.

Na biyu, kaya zai iso kafin shuka? A ƙasar Zazzau taki ya kamata ya kasance a shago tun watan Afrilu, a Katsina da Sakkwato kuwa kada ya wuce Mayu. Wannan yana nufin a saki kuɗi tun da rani.

Na uku, ta hannun wa zai bi? In ta shagon ɗan kasuwa ne, a sa ranar da za a biya shi, a kuma cika. In manomi yana da zaɓi tsakanin shago biyu ko uku, mai algus da mai rage awo za su rasa ciniki.

Na huɗu, me zai zo tare da takin? Ƙasar da ba ta da takin gida, ko aka shuka mata iri maras kyau, ko wuta-wuta ta cinye ta, ba ta biyan kuɗin takin zamani.

Na biyar, shekara nawa za a yi, kuma yaya za a janye? Abin da ya faru a 1997 ya isa wa'azi. In za a rage, a rage kaɗan kaɗan, a kuma sanad da mutane tun da wuri.

Kafin a sami amsar waɗannan, manomi kada ya jingina daminarsa ga alkawari. In ya sayad da amfanin gona da kaka, ya ware kuɗin taki nan take, ya saya da rani kafin rububi, ya ajiye a wuri busasshe bisa katako. Ya tara takin gida, ya riƙa juya masara da waken soya ko gyaɗa ko wake. In takin da ke hannunsa kaɗan ne, gara ya ba ƙaramin fili abin da ya ishe shi, ya tona ya binne kusa da gindin shuka, da ya watsa shi a gona duka rana da ruwa su kwashe. Wanda ya sami na rangwame ya kai shi gona, don in ya zuba a kan kari abin da zai girba ya fi 'yan kuɗin da dillali zai miƙa masa a bakin sito. Ɗan kasuwa ya riƙe buhu a cike, ya guji gauraye, don manomin da aka cuta bana ba zai dawo baɗi ba. Akawu kuma ya rubuta kowane buhu da sunan wanda ya karɓa da ranar karɓa, ya ajiye littafin inda mai bincike zai same shi. In rabon bana ya ɓaci, da wannan littafi ne za a gane inda ya ɓaci, a gyara na baɗi.